Me ya sa bindiga ke fashewa a hannun mai ita? Bayani kan albarushi, kartush da awo



Da an gama ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, ciyawa ta fara bushewa, to lokacin mafarauta ya zo ke nan. Lokacin bukukuwa ma ya zo: aure, naɗin sarauta, tarbar manyan baƙi, wuraren da ƴan bindiga ke cika gari da ƙara da hayaƙi. A wannan tsakani ne kuma akan ji labarin da ba a so. Bindiga ta fashe a hannun wane, yatsu sun tafi, ko ido ya lalace. Sai a ce ƙaddara ce. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce ai ya harbi abin da ba a harbi. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma tana da hanyar da take biyowa, kuma a maganar bindiga hanyar nan sau da yawa ita ce awo: abin da aka zuba jiya daban, na yau daban, mai bindigar kuwa bai sani ba.

Tun farko mu faɗa, ba za mu koya wa kowa haɗa komai a nan ba. Abin da muke so shi ne mutum ya gane abin da yake riƙe da shi, ko abin da ɗansa ko ƙanensa ke rataye a ɗaki.

Abin da ke cikin kartush

Harsashi irin na kamfani, ko kartush kamar yadda muke cewa, abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, na jan ƙarfe ko na roba. Akwai ɗan maɓalli a gindin kwanson wanda ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta buge shi, mu kira shi ƙyastu. Akwai albarushi. Sai kuma abin da ke fita, wato dalma, ko ƙwaya guda ko ƙananan ƙwayoyi da yawa irin na harbin zabi.

Idan aka ja kunama, albarushin nan yana cin wuta ya zama iska mai zafi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Iskar tana neman hanyar fita. In komai daidai yake, hanya ɗaya ce gare ta, ta tura dalma ta bakin bindiga. In an samu matsala, sai ta nemi wata hanya, ta gefen ƙarfe, inda hannun hagu yake, ko ta baya, inda fuska take.

Ga lissafi don a gane ƙarfin abin. Mai faci idan ya hura tayar ƙaramar mota, iskar da ke ciki bar 2 ce zuwa 2 da rabi. Kartush na bindigar farauta kalibar 12, a ƙa'idar ƙasashen Turai, an yarda matsinsa ya kai bar 740. Wato kamar tayar mota sau 300. Harsashin kalashnikof kuwa iyakarsa bar 3,550. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tayar babbar mota ta fashe ya san abin da ake nufi, alhali ita ba ta kai ko bar 10 ba. To wannan matsin ne mutum ke ɗorawa a kumatunsa ya ja kunama.

Kuma abin mamaki, albarushin da ke haifar da wannan duka a kartush kalibar 12 bai fi giram 2 ba. Abu kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ɗan ƙari kaɗan ke zama babban ƙari.

Yadda masana'anta ke sa dubu su zama kamar ɗaya

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san rigimar tiya. Wannan ya cika ta har da tozo, wancan ya shafe, wani tiyarsa ma an buga gindinta ta shige ciki. A hatsi, in an rage ka, asararka tuwon dare ɗaya ne. A albarushi babu wurin irin wannan wasa. Ma'aunin da masu wannan sana'a ke aiki da shi a Amurka da Ingila bai kai kashi 1 cikin 15 na giram ba, kuma sikelinsu yana raba shi har gida 10. Gida ɗaya cikin goman nan nauyinsa kusan na ƙwayar hatsi guda ne. Ƙwaya guda, ba zangarniya ba. A kan wannan suke gardama.

Masana'anta ba ta yin harsashi a dunƙule. Tana yin sa rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa, kuma an rubuta wane albarushi aka sa, wane ƙyastu, wane kwanso, wace rana, a wane inji. Daga kowane rukuni sai a ɗebi wasu a kai ɗakin gwaji. A can akwai bututun bindiga na musamman mai na'urar auna matsi a jikinsa, da wata na'ura a gaba mai auna gudun dalma. Abin da suke dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin harbi da harbi. In an harba 10, tara suka tafi daidai, na goma ya zarce, rukunin nan bai ci jarrabawa ba, ko da na goman ya fi sauran ƙara da nisa. A wurinsu wanda ya zarce da wanda ya gaza duka aibi ne.

Ƙyastun ma ana gwada shi. Ana sakin ɗan dunƙulen ƙarfe daga sama ya faɗo masa. Daga wani tsayi dole ya tashi kowane lokaci, daga ƙasa da wani tsayi kuma dole ya ƙi tashi kowane lokaci. In ya cika saurin tashi, faɗuwar bindiga daga kan babur ta isa ta kashe mutum. In ya cika taurin kai, ga nama a gabanka bindiga ta yi shiru. Harsashin sojojin ƙungiyar NATO har a tanda da firji ake sa shi kafin gwaji, a zafin digiri 52 da sanyin digiri 54 ƙasa da sifiri, saboda albarushi mai zafi ya fi saurin ci, matsinsa kuma yana hawa.

Amfanin lambar rukuni yana fitowa ne ranar da aka gano kuskure. Kamfani sai ya yi shela: duk mai kwali mai lamba kaza ya maido. Kamar dai yadda ake janye magani daga kantin magani.

Akwai labarin da ke nuna cewa ko manyan ƙasashe ba su tsira daga wannan ba. A shekarun 1960 Amurka ta ba sojojinta sabuwar bindiga, M16, suka tafi da ita yaƙin Biyetnam. An ƙera bindigar ne da wani irin albarushi a zuciya, amma a 1964 aka canza shi da wani daban. Kwanso bai canza ba, dalma ba ta canza ba, in ka riƙe harsashin a hannu ba za ka ga bambanci ba. Sai ga bindigogi suna saurin da ya wuce ƙa'ida, suna tara dauɗa, suna cijewa ana tsakiyar faɗa. An rasa rayuka a kan haka, har majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967, wanda ya ɗora babban laifi a kan canjin albarushin, tare da rashin ba sojoji kayan goge bindiga. Ƙasa mai injiniyoyi da ɗakunan gwaji ke nan. To ina ga wanda ya sayi nasa a ƙulle cikin leda?

Bututun ma sai an gwada

Rabin magana ke nan. Sauran rabin shi ne ƙarfen da zai riƙe matsin. A Turai akwai gidajen gwajin bindiga tun da daɗewa: na birnin Landan tun 1637, na Liyej a Beljiyam tun 1672, na Bamingam tun 1813. A 1914 aka kafa hukumar haɗin gwiwa da ake kira C.I.P., wadda yau ke da ƙasashe 14. A waɗannan ƙasashe ba a sayar da bindiga sai an ɗura mata harsashin gwaji wanda matsinsa ya fi na kullum da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, an harba a ɗaki rufe babu mutum kusa, an duba ba ta kumbura ba, ba ta tsage ba, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Masu tsohuwar bindigar farauta ta gado su duba ƙarƙashin bututu, za su ga waɗannan ƴan alamomi. Amurka ma tana da tata ƙungiyar ƙa'ida, SAAMI, tun 1926.

Mu kuwa tarihinmu da bindiga ya zo ta wata ƙofa. Bindigogin da Turawa ƴan kasuwa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun zamanin cinikin bayi, akasarinsu mafi araha ne da ake ƙerawa a Bamingam da Liyej, kuma tun a wancan lokaci an san su da fashewa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burusal suka hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a wani faffaɗan yanki da ƙasarmu ke ciki, suka bar mana masu ƙyastun dutse da albarushin kasuwa. Kafin nan ma, a Damagaram, Sarki Tanimun ya tara bindigogi masu yawa, har ana yin albarushi da igwa a cikin birnin. Nan Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri an fi dogaro da doki da mashi da baka. Adaka, ko harba-ka-ruga kamar yadda yara ke ce mata, jikar waɗancan bindigogin ce, maƙeranmu suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta.

Ni ba na cikin masu raina maƙera. Wanda ya ƙera hauya da galma da gatari da muke ci da su ba a raina shi. Amma maƙeri ba shi da ɗakin gwaji, kuma ƙarfen da ya samu shi yake aiki da shi. Bututun da aka yi don ruwa ko don wani aiki na mota ba a yi shi don ya riƙe ɗaruruwan bar ba. Wani yana da ɗinki a tsawonsa wanda ido ba ya gani. Zai ɗauki harbi 50 lafiya lau, tsatsa tana cin sa daga ciki, a na 51 ya buɗe. Mai ita zai rantse maka cewa abin da ya saba zubawa ya zuba, kuma wataƙila gaskiyarsa.

Awon tafin hannu

A adaka, mai harbi shi ne masana'anta. Shi ke awo, shi ke ɗuri, kuma sikelinsa tafin hannunsa ne ko idonsa. Tsofaffin mafarauta da yawa suna da ɗan ma'auninsu da ba su canzawa, kuma wannan hikima ce babba. Matsalar ita ce ko ma'auni bai canza ba, albarushin yana canzawa. Na wannan mai haɗi daban, na wancan daban. Ko na mutum ɗaya, na bana ba lalle ya zama irin na bara ba. Mai laushi kamar gari ya fi mai tsaki-tsaki saurin ci, don haka cikin ma'auni ɗaya na wannan da na wancan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ga shi kuma baƙin albarushi yana shan raɓa. Wanda ya kwana damina a ɗaki ya yi sanyi, mai shi ya ga ba ya tashi sosai, sai ya saba da ƙara hannu. Ranar da ya sayi sabo busasshe, hannun nan da ya saba da ƙari shi zai zuba.

A wajen biki abin ya fi muni, don can ƙara ake nema. Kowa na son in ya harba mata su yi guɗa, dawaki su zabura, a ce bindigar wane ta fi. Sai a ƙara albarushi, a danna toshi da ƙarfi. Cikin hayaniya kuma mutum yakan manta ya riga ya ɗura, ko ya ja kunama tare da jama'a bai lura tasa ba ta tashi ba, ya sake ɗura wani a kan na farko. Ɗuri biyu a bututu guda. Ni a ganina shugabannin ƴan bindiga na fada da na unguwanni su ne za su iya gyara wanga abu, fiye da jandarma, don su ake jin maganarsu: ma'auni ɗaya ga kowa, mutum ɗaya mai rabo, kuma a duba kowace bindiga kafin a fita fili.

Akwai kuskure guda da ya fi duk waɗannan kisa, kuma ya kamata kowa ya ji shi da kyau. Albarushi iri biyu ne a duniya. Akwai baƙi na gargajiya mai hayaƙi, akwai kuma na zamani marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro a 1884, shi ne ke cikin kartush da harsashin soja. Sunansu ɗaya a bakinmu, amma halinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Na zamani in ya samu wuri a rufe matsinsa yana hawa nesa da abin da adaka za ta iya ɗauka. Wanda ya fasa kartush ko harsashin da ya tsinta ya juye a adaka, ko ya gauraya da baƙi wai don ya ƙara ƙarfi, bam ya haɗa, kuma fuskarsa ce mafi kusa da shi. Ko kamfanonin Turai da ke ƙera irin waɗannan bindigogi da ƙarfe mai kyau suna rubuta wannan gargaɗi a jikin bututu.

Sai kuma ƙaramin abu da ake mantawa: zanzaro. Bindiga ta yi wata huɗu a rataye, zanzaro ya shiga bakinta ya yi gininsa na laka. Ko mafarauci ya yi tuntuɓe a fadamar Gulbi bakin bindiga ya caki taɓo. Toshewar da ba ta kai girman goro ba ta isa ta tsaga bututu, ko na kamfani ne.

Kartush na kasuwa

Masu kalibar 12 kada su ce su sun tsira. Kartush na asali, irin wanda ake yi a Turai ko a masana'antar Bamako, yana zuwa cikin kwali mai suna da lamba. Amma abin da ke yawo a hannun mutane sau da yawa ɗai-ɗai ne, babu kwali, babu wanda ya san shekarunsa ko inda ya kwana. A cikinsu akwai waɗanda aka riga aka harba, wani ya tsince kwanson ya sake ɗurawa.

Sake ɗura kwanso sana'a ce da ake yi a Amurka da Faransa bisa doka, amma ku ji yadda suke yi. Suna da sikeli, suna da littafin da kamfanin albarushi ya buga bayan gwaji, suna rubuta komai, kuma in sun sayi sabuwar gwangwani mai wata lambar rukuni, ko da suna ɗaya ne, sai su koma baya su sake gwadawa a hankali. Kwanson da ya gaji suna jefar da shi, don ƙarfe yana miƙewa, roba tana tsagewa. Duk da haka su ma suna samun haɗari, kuma ƙa'idarsu ita ce ba ka harba ɗurin wani. Mu nan ɗurin wanda ba mu taɓa gani ba muke saye.

Alamun ba su da wuyar gani: bakin kartush da aka liƙe da kyandir ko aka ƙona da wuta, gindi mai tsatsa ko kore-kore, ƙyastu mai tabon bugu ko wanda ya zauna a karkace, jiki mai kumburi, ko biyu masu kama ɗaya amma ɗaya ya fi nauyi a hannu. Akwai kuma maganar tsawo. A jikin kartush za ka ga an rubuta 70 ko 76, wato milimita. Mai 76 yana shiga bindigar da aka yi don 70, ya rufu lafiya, amma in ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai matsi ya hau. Shigarsa ba ta nufin nata ne.

In aka ja kunama aka ji shiru, kada a juyo bakin bindiga a leƙa, kada a nuna ta wajen mutane. Wani lokaci wutar tana tafiya a hankali ne, sai bayan daƙiƙoƙi ta tashi. A bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira aƙalla minti guda, adaka ma fiye da haka. In kuma ta tashi da ƙaramar ƙara kamar tari, a tsaya, don mai yiwuwa abin da ke ciki bai fita ba, yana nan tsakiyar bututu yana jiran harbi na biyu.

A nan zan ɗan ratse. Wannan rashin tabbas na albarushi shi ne ya daɗe yana ciyar da masu sayar da maganin bindiga. An harbi mutum da adaka mai jiƙaƙƙen albarushi, ta ƙi tashi, ko ta tashi ba ƙarfi dalma ta tsaya a riga, shi ke nan labari ya bazu cewa wane bindiga ba ta cin sa. Ba wanda ya tambayi inda albarushin ya kwana. Mun sha jin labari daga maƙwabta na waɗanda suka ce a gwada a kansu, ranar kuwa aka dace da ɗuri mai kyau, aka yi jana'iza, wanda ya harba ya tafi kaso. Kowa da abin da ya yarda da shi, amma don Allah kada a gwada a jikin ɗan Adam.

Rubutun da ke gindin kwanso

Mutanen Gabi, Ɗan Isa, Safo, Madarunfa da yankin Gidan Runji ba sai an ba su labarin ƴan bindiga daɗi ba. Bayan an kai hari an kore shanu, abin da ke saura a ƙasa shi ne kwanso. Yara sukan tsince su yi wasa, wasu su kai wa masu sayen ƙarfe. To ku sani kwanson nan takarda ce. A gindinsa akwai lambobi: ɗaya ta masana'anta, ɗaya ta shekara. Lamba 539 ta masana'antar Tula ce a Rasha, 71 wata masana'anta ce a Sin, 10 kuma ta Bulgeriya. Tsarin nan da aka yi don kula da inganci, shi ne kuma ke ba masu bincike damar bin sawu: wane rukuni ne, wace ƙasa aka sayar wa, a ina ya ɓace. Da irin wannan aiki ne cibiyar Small Arms Survey ta Janeba, a rahotonta na 2018 kan Nijar, ta nuna cewa wani kaso na makaman da ake kamawa ya fito ne daga rumbunan Libiya bayan 2011, wani kuma daga rumbunan gwamnatocin yankin nan. Yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta wajabta a riƙa sa lambar rukuni da sunan mai ƙira da shekara. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma hukumarmu ta tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tana nan tun 1994. Don haka in an tsinci kwanso bayan hari, a tara shi a ba maigari ya miƙa wa jami'an tsaro.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, mun san ana kiran ku a waya a ce a turo kuɗi a sayi abin kare kai. Tsoron da ke sa a yi wannan kira na gaskiya ne, ba mai zaune a Maraɗi cikin gari da zai yi wa mutumin bakin iyaka wa'azi a kai. Amma ku san abin da jikkunanku za su saya: bututun da ba a gwada ba, da ɗurin da ba a auna ba, a hannun yaron da bai taɓa harbi ba. Ga kuma doka, wadda ta ce riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma tana da dokarta ta 1998 da takardarta a wurin ma'aikatan gandun daji.

Zafi da ajiya

A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka nesa. Albarushin zamani yana da wani sinadari a ciki mai hana shi lalacewa, kuma zafi yana cinye sinadarin nan a hankali. Kartush da ya shekara biyar a ƙarƙashin kwano ba shi ne wanda ya fito daga masana'anta ba, ko da fentinsa bai goge ba. Gwamnatoci ma suna fama da ajiya. Gobarar rumbun makamai na Ikeja a Legas, ranar 27 ga Janairun 2002, ta ci mutum fiye da 1,000, da yawansu a ruwa suka halaka wajen gudu. An yi irinta a Barazabil a Maris na 2012, an yi a Injamena a Yunin 2024. A gida abin ƙarami ne amma hali ɗaya ne: gorar albarushi a rataye kusa da murhu, ko kusa da kwalaben fetur na sayarwa, a ɗakin da yara ke kwana.

Dalma ita ma tana da nata. Masu fasa tsohon batir su narka dalma a tsakar gida, hayaƙin da ƙurar guba ne, kuma yara ƙanana ya fi kamawa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, har sai da likitocin MSF, waɗanda muka sani a Madarunfa, suka shiga. Tukunyar da aka narka dalma a ciki kada ta koma madafa, kuma naman da aka harba a cire ƙwayoyin da tsokar da ke kewaye da su kafin a ba yaro ko mai ciki.

In kuwa abin ya riga ya faru, bindiga ta fashe a hannu, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a ɗaga hannun sama, a nufi likita nan take. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko man birki. Kada a tsaya ciro ƙarfe da wuƙa, musamman a ido. Raunin albarushi yana tura tsatsa da tsumma cikin nama, wurin da ƙwayar cutar sanƙarar haƙora ke so, saboda haka ko ciwon ya yi kama da ƙarami sai an yi allurar tetanos. Mutane da yawa suna ɓoye irin wannan rauni kwana uku ko huɗu don tsoron tambayar jandarma, sai hannu ya kumbura ya yi wari sannan a ɗauko amalanke, a lokacin kuma yatsan da likitan CSI zai iya ɗinkewa ran farko ya zama hannun da za a yanke a babban asibiti.